Burmemiyar jaket mai zif da saƙar tsinke: yaya ake hana zif ɗin yin tudu?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum, iyayen gida da gwanayen saƙa. A taimaka a sa ni a hanya. So nake in saƙa rigar sanyi irin jaket ɗin nan burmemiya, mai zif tun daga ƙasa har wuya, kafin hunturu ya kankama. Da tsinke biyu zan yi, ba da kwarashi ba. Na iya gaba da baya, na iya roba (saƙar nan mai miƙewa ta bakin riga), na iya ƙari da ragi, amma babbar riga irin wannan ban san ta inda ake kama lissafinta ba.

Ƙirjin mai rigar santimita 96 ne, tsawon da ake so daga kafaɗa zuwa ƙasa 64. Ido nawa (wato zoben zaren da ke kan tsinke) zan ɗora ta fito da girma ba tare da ta koma buhu ba? Zare nawa za ta ci? Sai kuma abin da ya fi damuna: yawancin rigunan saƙar hannu masu zif da nake gani, zif ɗin yakan yi tudu da kwari a gaba, wani ma ya lanƙwashe kamar maciji. Laifin zif ne ko na saƙar? Kuma a kai wa tela ya ɗora shi a keke, ko a ɗinka da hannu?

Gwanar Ulu:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Bari in ɗauki ɓangaren lissafi, domin rabin matsalar zif tun daga nan take farawa.

Kada ki ɗora ido ko ɗaya na rigar sai kin saƙa yankin gwaji, mai kamar santimita 15 kowane gefe, da zaren da tsinken da za ki yi aikin da su. Ki wanke shi yadda za a riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe, sannan ki ƙirga ido da layin da ke cikin santimita 10 na tsakiyarsa, ba na gefe ba. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Ido 192 a hannun da ke ba da ido 16 a santimita 10 zai fito santimita 120, amma a hannun da ke ba da 15 zai fito 128. Kuskuren ido ɗaya kacal, riga ta ƙaru da santimita 8.

Lissafin da zan ba ki na zare mai matsakaicin kauri ne da tsinke mai milimita 5.5, wanda ke ba da ido 16 da layi 22 a santimita 10. In naki ya bambanta, ki sake lissafin da naki adadin.

Burmemiyar da ke da kyan gani ana ƙara mata santimita 20 zuwa 25 a kan ƙirji. Ki ɗauki 120. Wuce 30 kan sa kafaɗa ta zazzago sosai, nan ne take komawa buhun da kike gudu. Baya ke nan santimita 60, ido 96, a ƙara biyu na ɗinkin gefe, 98. Ki fara da tsinke mai milimita 4.5, roba, ido ɗaya gaba ido ɗaya baya, har santimita 7, sai ki koma babban tsinke ki yi layi 126 na saƙar santsi, wato layi ɗaya gaba layi ɗaya baya. A layi na 72 ki ɗaura guntun zare mai wani launi a gefe biyu, nan ne hammata. Ba a rage komai a wurin, irin wannan rigar hannu ne ake jona wa miƙaƙƙen gefe. A sama, ido 34 kowace kafaɗa, 30 na tsakiya na wuya. Kafaɗar kada ki rufe ta lokaci ɗaya, ki raba ta uku, 12, 11, 11, ki fara daga gefen hannu. Wannan ɗan gangaren shi ke hana yadi taruwa a hammata.

Gaba ɓari biyu ne, kowanne ido 49. Shawarata ki saƙa su tare a kan tsinke ɗaya mai igiya, doguwar nan ta santimita 80, kowane ɓari da curin zarensa. Dalili: hannun mutum kan canja daga mako zuwa mako, in kin saƙa dama yau, hagu bayan sati biyu, tef zai nuna miki tsawo ɗaya alhali ɗaya ya fi ɗaya da layi huɗu. Zif kuwa ba ya yafe wannan. Ki ƙirga layi, kada ki dogara da tef. Bayan roba layi 108, sai ki buɗe wuya: ki ajiye ido 7 na bakin gaba a kan fil, sannan ki rufe 2 sau biyu, ki rage 1 sau huɗu, kina tsallake layi ɗaya tsakani. Ido 15 sun tafi, saura 34 daidai da kafaɗar baya. Ki cike zuwa layi 126.

Hannu shi ne inda aka fi yin ɓarna. Mutane kan auna daga kan kafaɗa zuwa wuyan hannu su sami 56 ko 58, su saƙa haka, sai hannun ya rufe yatsu har ya yi saura. An manta cewa jikin rigar ya riga ya sauko kan damtse. Ga yadda ake yi: a auna daga tsakiyar ƙeya, a bi ta kan kafaɗa zuwa wuyan hannu. A ce 74 aka samu. A cire rabin faɗin baya, wato 30. Hannun santimita 44 ne kawai. Ki ɗora ido 36, roba santimita 6, a layin farko na babban tsinke ki warwatsa ƙarin ido 8 su zama 44. Daga nan ƙari ɗaya a kowane gefe duk bayan layi 4 sau 11, sannan duk bayan layi 6 sau 6. Kin kai ido 78, ki ƙara layi 4 ki rufe, amma rufewa mai sauƙi, kada ki matse.

Zare kuwa, yankin gwajin nan shi zai gaya miki gaskiya. Duka rigar da kwalarta ta kai kamar irin yankin guda 52. Ki ɗora shi a ƙaramin sikeli: in ya yi giram 13, rigar za ta ci kusan 680, ki sayi 800 saboda ɗinki da aljihu da warwara. Ki saye shi lokaci ɗaya, kuma ki duba lambar rinin da ke jikin takardar ta zama ɗaya. Launi ɗaya rini daban ba ya nunawa a shago, sai an fita rana.

Mai Tsinke Biyu:

Lissafin Anti ya zauna. Ni zan tsaya kan zif.

Tudun nan ba laifin zif ba ne galibi. Saƙa tana miƙewa, ƙyallen zif ba ya miƙewa, shi ke nan sirrin. In aka ja bakin saƙar a lokacin ɗinki don ya kai tsawon zif, da an sake shi zai nemi komawa inda ya fito, zif ɗin kuma ba shi da wajen zuwa sai ya kumbura waje. In kuma zif ɗin ne gajere aka cusa masa saƙa mai yawa, zif zai kwanta amma saƙar ta tattare a gefensa. Don haka ba a sayen zif a saƙa riga a kansa. Sai an gama, an haɗa, an yi kwala, an wanke, an shanya a shimfiɗe ta bushe ƙarau, sannan a auna bakin tana kwance ba tare da an taɓa ta ba. A naki lissafin zai zo kusan 56 na jiki da 8 na kwala, 64 ke nan. In ba a sami daidai ba, a ɗauki wanda ya fi tsawo a rage shi.

Kafin nan akwai maganar bakin da za a ɗora zif ɗin a kai. Saƙar santsi tsirararta nannaɗewa take ciki, kuma idon gefenta sakakke ne, ba ya riƙe ɗinki. Hanya mafi tsafta ita ce bakin igiya da ake saƙawa tare da jiki: in kin zo ido uku na ƙarshe a bakin gaba, ki kawo zare gabanki ki zame su zuwa ɗaya tsinken ba tare da kin saƙa ba, in kin juyo ki saƙa su gaba kina ɗan jan zaren. Sai su naɗe su zama siririyar igiya mai tauri da ke rufe ƙyallen zif. In wannan za ki yi, ki ɗora 51 maimakon 49, domin ukun nan faɗin ido ɗaya da rabi kawai suke bayarwa, a wuya kuma ki ajiye 9 maimakon 7, igiyar ta ci gaba har saman kwala ba yankewa. Abin lura ɗaya: tunda rabin layuka kawai ake saƙa waɗannan idanun, mai matsattsen hannu zai ga bakin ya fi jiki gajarta yana jan ƙasan rigar sama. Ki duba bayan santimita 15 na farko, in haka ne ki sassauta.

Wadda ta riga ta gama gabanta ba ta yi wannan ba, ta tsinto ido a bakin, uku a kowane layi huɗu, wajen ido 90 a santimita 56, ta rufe su nan take a layi na gaba. Ko ta bi da kwarashi layi ɗaya. Ɗaya-ɗaya a kowane layi shi ke sa baki ya yi fiffike.

Kwala: ki tsinto ido 79 da ƙaramin tsinke, ki yi roba santimita 16, za a ninka ta ciki ta koma 8. Amma kada ki ɗinke ninkin sai zif ya hau, don saman zif ɗin ya shige tsakanin ninki biyu, kada ya riƙa gogar haɓa.

Yanzu ɗorawa. Ki shimfiɗa rigar a tebur ko tabarma, ki haɗa bakunan gaba biyu da dogon ɗinki na wucin gadi da zare mai wani launi, layi yana fuskantar layi, ƙarshen roba da ƙarshen roba, gindin kwala da gindin kwala. Rigar ta rufe ke nan kamar ba ta da buɗi. Ki juya ta bai-bai, ki zura kwali ko faifai a ciki don kada allura ta kamo baya. Ki kifa zif ɗin a zuge, fuskarsa ƙasa, haƙoransa daidai kan layin haɗin. Ki sa alama da alli a rabin zif da rubu'insa, haka ma a jikin rigar, ki fara kafa fil a waɗannan wuraren, sannan ki cike tsakani duk bayan santimita 5. Fil ɗin a gicciye ake sa shi, in kika bi da shi tsaye tura saƙar yake yi. Ki bi ƙyallen biyu da ɗinkin wucin gadi, ki cire fil, ki zare zaren da ya haɗa gaban, ki juyo da rigar.

A nan ne ake gwadawa a jiki, a zuge sama da ƙasa sau da yawa, a tsaya gaban madubi. Duk tudun da zai fito yanzu zai fito, kuma gyaransa zare ɗaya ne za a ja. Bayan ɗinkin gaske kuwa warware shi daga cikin ulu aiki ne mai cin rai, sau da yawa har a yanke idon saƙa.

Ɗinkin gaske daga waje ake yinsa, da zaren ɗinki mai ƙarfi kalar rigar, a cikin kwarin da ke tsakanin igiyar baki da idon da ke bi mata, ɗinkin koma-baya mai taku kamar milimita 4. Zaren zai nutse ba za a gan shi ba. Duka ɓarin biyu daga ƙasa zuwa sama, kada ki hau ta dama ki sauko ta hagu, rigar za ta karkace. Bakin saƙar ya tsaya milimita 2 ko 3 daga tsakiyar haƙora, in ya hau kansu kan zif zai riƙa cin gashin zare yana sarƙewa. Daga ciki kuma ki kama gefen ƙyallen da ƙananan ɗinki a bayan idanu don kada ya riƙa tashi. Ƙasan, inda ake zura ƙarfen nan, ki maimaita ɗinki sau uku ko huɗu, shi ne wurin da hannu ke finciko kullum.

Telan Unguwa:

Hajiya Mai Tsinke Biyu, a ƙara da abin da ya shafi zif ɗin kansa, don a nan ma ana tafka kuskure.

In kin je wurin masu kayan tela ki ce zif na jaket mai rabuwa a ƙasa. Na siket da na jaka a toshe suke, ba sa rabuwa, kuma ba a mayar da su masu rabuwa. Lambar da ake kira, 3 ko 5 ko 8, kusan faɗin haƙoran ne a milimita idan an zuge, wasu ma an buga ta a bayan kan zif ɗin. Wannan kaurin saƙa lamba 5 ce tasa. Lamba 3 ta yi ƙanƙanta, zare na shiga cikinta, lamba 8 kuma taurinta kan sa gaban riga ya tsaya ƙiƙam in an zauna. Mai haƙoran roba ya fi dacewa. Na ƙarfe yana da kyau a ido amma nauyinsa na jan gaba ƙasa, haƙoransa kuma na tsinka ulu. Tunda rigar ta sauko ƙugu, in kin sami mai kai biyu, wanda ake iya buɗewa ta ƙasa, ya fi, mai ita zai zauna ba tare da cikin ya kumbura ba. Da inci ake yawan sayar da su: inci 24 santimita 61 ne, inci 26 kuwa 66. Naki 26 ne, a rage. Sunan YKK, kamfanin zif ɗin nan, ya yi yawa a kasuwa, na gaske da wanda ba shi ba, saboda haka kada tambari ya ruɗe ki, ki raba shi ki haɗa sau biyar a gaban mai shago, in ya yi gardama ko sau ɗaya ki ajiye.

Ragewa ta sama ake yi, ba a taɓa ƙasa. Ki sa alama inda kike so ya tsaya, ki bar santimita 2 a samanta ki yanke, ki cire haƙoran wannan wurin da filaya ɗaya bayan ɗaya, ki ɗan haska wa bakin wuta don kada ya zare. Sai ki naɗa zare mai kauri sau goma tsakanin haƙora biyu na ƙarshe a kowane ɓari ya zama birki, in ba haka ba kan zif ɗin zai fice ranar farko. Kuma ki jiƙa zif ɗin a ruwan ɗumi ya bushe kafin ki auna, wani ƙyallen yana shiga bayan wanki.

Batun keke kuwa, ban yarda a ce sam ba ya yiwuwa ba, amma gaskiyar Hajiya Mai Tsinke Biyu ce da ta bi ta ɗinkin hannu, hannu ya fi aminci. Ƙafar keke danne saƙar take tana tura ta gaba, haƙoran ƙasa na jan zif, kafin a kai wuya saƙar ta ƙaru da yatsa biyu. In dole sai keke, a kawo ta an riga an yi ɗinkin wucin gadin nan da hannu, a sassauta dannin ƙafar, a buɗe taku zuwa milimita 4, a shimfiɗa siririyar takarda a kan saƙar a yage ta daga baya. Telan da ya ce a ba shi riga da zif daban-daban zai ɗora cikin minti biyar, a karɓe kaya a yi masa godiya.

Kafaɗa ma a kula. Rigar giram 700 duk nauyinta a ɗinkin kafaɗa da bayan wuya yake rataye. A ɗinka siririn ƙyalle marar miƙewa daga ciki, daga ƙarshen wannan kafaɗar ya bi ta ƙeya zuwa waccan. In ba shi, wuyan zai buɗe, gaba ya sauko, zif ɗin da aka ɗora daidai ya fara tudu bayan wata ɗaya.

Sabon Hannu:

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira. Saura abu ɗaya, Anti: zaren da ake samu kusa da ni siririn nan ne na kayan jarirai. Zai yi, ko sai na nemo mai kauri? Kuma in na gama zan iya bin bakin da dutsen guga ya kwanta?

Gwanar Ulu:

Amin, 'yar uwa. Zai yi, ruɓanya shi ake yi. Ki gwada biyu, ki gwada uku. Hanyar ganewa da sauri: ki naɗa su tare a jikin rula, ba matsi ba tazara, in naɗi 8 ko 9 ya cika inci ɗaya kin zo kusa da kaurin da na yi lissafi da shi. Amma yankin gwaji ne mai yanke hukunci, kuma ki sake auna nauyinsa, don ruɓi uku kan fi giram 13 ɗin nan nauyi. Kada ki naɗe su wuri ɗaya su zama curi guda, ɗaya kan fi ɗaya saki sai ya riƙa yin kunne. Kowane curi a robarsa, ki ja su tare. Ki riƙa duba bayan saƙar, tsinke kan ɗauki biyu ya bar na uku, sai a ga wani ɗan zobe yana leƙe. In curi ya ƙare, ki jona sabo a gefen da za a ɗinke, ba a bakin zif ba, kuma kada duka ukun su ƙare a layi ɗaya.

Guga kam a'a. Wannan zaren akirilik ne, dangin roba, da dutse ya taɓa shi zai mutu: ya yi sheƙi, ya saki, ya ƙara tsawo, kuma ba ya dawowa ko an wanke. Bakin da aka goge ya fi zif tsawo ke nan har abada. In ya ƙi kwanciya, ki kafe shi da fil a kan tawul daidai awon da kike so, ki rufa masa jiƙaƙƙen ƙyalle, ki bar shi ya kwana.

Wanki kuma a zuge zif har sama, a juya ta bai-bai, ruwan sanyi, ba murɗawa. A naɗe ta cikin tawul a taka ruwan ya fita, a shimfiɗa a inuwa. Ba igiya, ba hanga, ko bayan ta bushe ninke ta ake yi. Aljihu in za ki sa, ki tsayar da shi aƙalla ido 10 daga bakin zif, don nauyin waya kada ya riƙa jan ɗinkin gefe guda.